Cokalin Tsohon Maɗaba'a

Auta tana tsakiyar shafi na tara sai cokalin ya bugi kofi. Ƙal!

Ta ɗago kai. Tsohon yana jingine a kujerarsa, idanunsa da suka daina gani suna fuskantar taga. Shekara talatin ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a kafin ciwon ido ya zaunar da shi, kuma tun daga nan masu son zama marubuta suke zuwa su karanta masa labaransu da baki. Ba ya yabo, ba ya kushe. Da zarar ya daina yarda da abin da yake ji, sai ya bugi kofin shayinsa da cokali. An ce wani lauya ya taɓa shan bugu goma sha huɗu a shafi ɗaya, ya kwashi takardunsa ko sallama babu. Ita kuwa Auta, mai sayar da magani da ke rubutu a bayan kantar shagonta in babu ciniki, ta wuce shafi takwas lami lafiya, har kanta ya fara girma.

"Maimaita," in ji shi.

Ta maimaita. Uwa ce a gadon asibiti, ta riƙe hannun 'yarta tana cewa a gaya wa ɗanta ta yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka.

Ƙal!

"Haba Baba! Nan fa na fi so."

"Na ji alama, har muryarki ta yi kwalliya. 'Yata, ɗazu kin nuna mini ƙarfen ƙarin ruwa mai ƙafa ɗaya a karye. Kin nuna mini matar gadon kusa da ta ari mataji ta ƙi mayarwa. Duk na gansu, ni da ba ni da ido. Sai ga mai robar numfashi a hanci tana jawabi kamar a rediyo."

"Ai ƙagaggen labari ne."

"Ƙaga abin da kika ga dama. Ki sa jaki ya tuƙa mota, in kin iya ni ma zan shiga. Amma ƙirƙira daban, rufa-rufa daban. Me matar nan ta ce?"

Auta ta ji tsoro, don ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Shekara biyu ke nan da rasuwar Mama. Yayan Auta ya yi wa Mama maganar da ba a yi wa uwa, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa wata takwas, kuma ranar da ya iso asibitin an riga an lulluɓe ta. A barandar asibitin Auta ta ga ƙato yana kuka kamar yaron da aka yaye, sai ta ce masa Mama ta yafe. Da wannan maganar yake rayuwa har yau, har 'ya'yansa ya koya wa ita. Shi ne ma ya kawo Auta yau, yana waje cikin mota yana jiranta.

"Duk sanda aka turo ƙofa," ta ce a hankali, "sai ta ce, 'Ya zo?' Sau uku. Na ƙarshen mai shara ce da bokitinta. Na ce mata yana hanya. Sai ta juya ta kalli bango, ta ce, 'To ki rufe masa abincin, kar ya huce.' Ba ta ƙara magana ba."

Ta jira bugun cokalin. Tsohon ya laluba ya ajiye shi a kan faranti.

"Juya takardar ki rubuta shi yanzu, kafin ki fara yi masa ado."

"Baba, Yaya zai karanta."

"Wannan kuma ba aikin cokali ba ne."

Ta juya shafi na tara, ta rubuta a bayansa. Layi shida kawai ya ci.

A waje ta tarar da Yaya ya kwantar da kujera yana fifita da jarida. Yana ganinta ya miƙe zaune ya tayar da mota, fuskarsa cike da fara'a.

"Marubuciyar gidanmu! Ya aka yi, tsohon ya buga miki gangar tasa?"

"Sau biyu."

"Sau biyu kawai? Ai kin ci. Na san dai wurin maganar Mama bai isa ya taɓa ba. In littafin ya fito, wannan shafin zan sa a gilashi in rataye a falo."

Takardar tana kan cinyarta, gaba da baya duk rubutu. Tana iya barin ta yadda take, ba wanda zai sani sai makaho ɗaya. Ta dubi furfurar da ta fara fito wa yayanta a gemu, tausayinsa ya kama ta. Ta juya takardar, layukan nan shida suka dawo sama.

"Yaya," ta ce, "kashe motar tukuna."