Haƙorin da Rana Ta Aiko

Ranar Talata haƙorin 'yata Zulaiha na farko ya faɗi. Ta yi yadda yaran garinmu Gadarif ke yi, ta jefa wa rana shi, ta roƙi a ba ta na barewa.

Laraba ƙanena Ammar ya sauka daga Masar, inda yake aikin haƙar fosfat, ma'adinin takin zamani. Ya zo da gwangwani cike da haƙora da suka zama dutse, na kifin girish, dodon kifin teku mai cin nama, irin wanda ya ce ya ƙare a duniya tun babu mutane. Shekara huɗu yana tsintar su a ramin aiki. Ya zaro mafi girma, mai tsawon yatsana, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Rana ta ce na barewa sun ƙare. Wannan ne zai fito miki."

Daga nan Zulaiha ta rufe baki. A lissafinta, abinci ne ke tsirar da haƙori. Ta ƙi kisra, wainar dawarmu ta kullum, ta ƙi shayi da madara, sai ruwa kawai. Babanta yana Simsim wajen yankan riɗi, ba mai tsawata mata sai ni, kuma na tsawata har na gaji.

Alhamis da hantsi na tare Ammar.

"Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Ya durƙusa gabanta, ya yi bayanin teku da shekaru miliyan hamsin. Ta saurara tsaf, ta ce ta hanci, "To har yanzu bai ruɓe ba kenan."

Na ce, "Halas, ya isa. Mayar wa rana kayanta."

"Yaya, wannan fa babu tsaga ko ɗaya a jikinsa! Bari in jefa ƙarami."

"Ƙarami aka aiko?"

Ya tsaya tsakar gida, ƙato da gemu, ya ɗaga kai sama.

"An yi kuskure," in ji shi.

"Da ƙarfi, Kawu, ba ta ji."

"An yi kuskure! Na barewa muke so!"

Ya wurga. Ni na ga inda ya maƙale a jinkar ɗakin girki. Zulaiha, da hasken ya kashe mata ido, ba ta gani ba. Ta ci kisra uku da miyar kuɓewa, ta nemi ƙari.

Bayan la'asar Ammar ya zo yana tambayar tsani. Na ce na ba maƙwabta aro, za su dawo da shi ranar da sabon haƙori ya fito.