Rubutun da Alwala Ta Wanke

Ina sallame Azahar a ɗakin ajiyar katuna na ƙaramin asibitinmu, barci ya sace ni a kan darduma, zuciyata na ta ɗar-ɗar kamar na bar tukunya a wuta.

Sai ga ni a ƙofar wani birni da aka gina ganuwarsa da katunan majinyata. Wata tsohuwa cikin fararen kaya ta kama hannuna. Iya Azumi ce, wadda ta koya mini aikin jinya, wadda Allah Ya yi wa rasuwa bara.

"Iya! Ashe zan sake ganinki?"

"Share hawayen nan, Raliya. Har yanzu kuka ba ya miki wuya. Biyo ni."

A unguwar farko na ga wani mutum, abin awon jini na matse masa damtse har yana ihu. Na ce, "Iya, me ya yi?"

"Ba ya auna kowa. Da yamma zai zauna ya cika wa mutum arba'in lamba ɗaya daga kansa. Wata mai ciki ta yi jijjiga a gabansa, katinta na cewa lafiya lau."

Gaba kaɗan ga likita yana juya takardar kuɓutarsa, ya kasa karantawa, don da irin rubutunsa aka yi ta. Ga wata da ta buɗe wa mutum ɗaya kati huɗu saboda ƙyuyar bincike, ana kiranta daga kusurwa huɗu, ta rasa inda za ta amsa. Ga kuma shugaban asibiti da ya bar katuna ga gara da yoyon rufi, ana tambayarsa sunansa, harufan na narkewa a bakinsa.

Daga nan muka haura tudu. Wayyo, ina ma alƙalamina zai iya faɗin abin da na gani! Haske, inuwar darbejiya, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Mata da goyo, tsofaffi, ango da amarya, duk suka taso da guɗa: "Ga Iya! Ga Iya!"

"Su wa ke nan?"

"Waɗanda layi ɗaya na rubutu a kati ya ceta. Waccan, na rubuta cewa ta zubar da jini a haihuwar fari, aka tanadar mata jini a ta biyu. Wancan, na gyara nauyinsa kafin a auna masa magani. Ban san na yi wani abin kirki ba, 'yar nan. Na dai rubuta a lokacin da na ji."

Na ce, "Iya, ni ma zan zo nan?"

Fuskarta ta sauya. "Buɗe tafinki."

Na buɗe. Babu komai sai shuɗin tawada kaɗan a gefe. Sai na tuna: da safe Gwaggo Laraba mai ƙosai ta ce mini allurar fenisilin ta taɓa kumbura mata maƙogwaro har aka fitar da rai. Katinta na hannun likita, sai na rubuta a tafina, da nufin in juya a katin daga baya. Alwala ta wanke shi. Likita kuwa allurar nan ya rubuta a yi mata, ƙarfe uku!

Na farka jiƙe da gumi. Saura minti biyu. Ko takalmi ban sa ba.

Na iske Malam Tanimu, mai yi mana allura, ya riga ya zuƙi maganin, Gwaggo ta juya baya.

"Malam, dakata! Don Allah dakata!"

"Ke Raliya, kura ce ta biyo ki?"

Na fizgi katin, na rubuta cewa jikinta ba ya karɓar fenisilin, da jan biro, manyan baƙi, a gaba da baya. Malam Tanimu ya karanta, ya ajiye sirinjin a hankali, yana salati.

Gwaggo ta gyara zani ta harare ni. "Ba tun da safe na gaya miki ba, 'yar nema?"

"Kin gaya mini, Gwaggo. Kin gaya mini." Na rungume ta ina kuka ina dariya, ƙamshin man gyaɗa na tashi daga mayafinta.

A nan na yi wa Allah alkawari: abin da majinyaci ya faɗa, a katinsa zai sauka kafin in ɗaga ƙafa. Tafina kuwa na bar wa addu'a.