Kasko na Uku

"Hura mu gani!" Dasirun ya ƙwala wa matarsa kira daga saman rufi.

Rasiti ta durƙusa a bakin murhu, ta tura busasshen ganyen kwakwa, ta hau fifita. Tana jin takunsa a kan rufin madafa. Gwangwanayen fenti ya fasa wa gindi, ya jera a kan bututun hayaƙi, ya ɗaure da waya, wai ko ƙarin tsawo zai sa ya ja hayaƙi.

"Hayaƙin ya fito, Kang?" ta tambaya, da lakabin da matan garin suke kiran miji da shi.

"Ɗan kaɗan, kamar na sigarin marowaci. Wajenki fa?"

Ta ɗaga kai ta duba. Hayaƙin ya taru a ƙarƙashin rufi, ya sunkuyo, ya bi ta ramukan bangon gora ya fice. Bayan bangon nan, taku ɗaya, tagar ɗakin Mbah Sanwirya ce. Rasiti ta riƙe numfashi. Sai ga tarin tsohon ya taso, mai tsawo, mai kama da ana jan katako a kan tsakuwa. Ta tsaya da mafici a hannu har sai da ya lafa.

Mbah Sanwirya maƙwabcinsu ne; Mbah, wato kaka, shi ne lakabin tsofaffi maza da mata a garin. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan itatuwan kwakwa yana tatsar ruwan fure, matarsa Mbah Darkem tana dafawa ya zama mazarƙwaila, kamar yadda Dasirun da Rasiti suke yi yanzu. Tun farkon damina ƙirji ya kwantar da shi. An kai shi asibiti, aka dawo da shi, aka ce a kiyaye masa hayaƙi. A daidai lokacin kuma murhun Rasiti ya daina ja.

Dasirun ya sauko, fuska duk kunkunniya. Ya riga ya zargi ɗanyen itace, ya zargi iskar damina. Ya zura gora cikin bututun ko tsuntsu ya yi sheƙa, bai samo komai ba.

"Gobe zan ƙara gwangwani," ya ce. "In ta kama sai ya taɓo gajimare."

Ya ɗauki gorunan tatsa ya rataya, ya tafi hawan kwakwa na rana. Shi sama ya sani. Murhu na mata ne, bai taɓa kallonsa da kyau ba.

Rasiti kuwa ta sani. Ta juya ta kalli ƙarshen murhun. Baki uku gare shi a jere, wuta tana shiga ta gaba, ta bi ƙarƙashin kasake, ta haye bututu. Kasko biyu suna zaune a gurbinsu, ruwan fure yana tafasa. Baki na uku kuwa, wanda yake gindin bututu, guntun kwanon rufi ne a kansa da dutse. Ta nan hayaƙin yake sulalowa. Ta liƙe shi da laka ba sau ɗaya ba, amma da wuta ta yi ƙarfi sai kwanon ya lanƙwashe, lakar ta tsage. Ta aro kaskon wata ƙawarta ta gwada, ya zauna a karkace. Kowane baki a jikin kaskonsa ake gina shi tun yumɓu yana ɗanye, ba ya karɓar baƙo.

Kaskon da aka gina bakin da shi yana can ƙarƙashin gadon Mbah Sanwirya. Asalinsa na Mbah Darkem ne. Ita ta ba Rasiti shi kyauta lokacin da ta zo unguwar tana amarya, ba ta san kowa ba. Da ciwon ya yi tsanani, tsohuwar ta shigo da kanta ta ce, "'Yar nan, ara mini tsohon kaskona. Shi yake riƙe zafi." Kullum tana dafa ganyaye a ciki, ta tura ƙarƙashin gado, tururi yana tasowa. Duk wanda ya je dubiya sai ta ce masa tururin nan ne yake riƙe da numfashin mijinta.

Da wane baki Rasiti za ta je ta ce a ba ta? Ta sha ƙulla maganar a ranta, ta je har bakin ƙofarsu, ta ƙare da "Ya mai jiki?" ta dawo.

Tana juya ruwan da muciya aka yi sallama, kafin ta amsa mutum ya shigo. Kartam ne, ɗan tsohon, wanda ya iso daga birni jiya. Ya toshe hanci da wuyan rigarsa.

"Yu, wannan wane irin abu ne?" ya ce, yana kiranta Yu, wato yaya. "Mun cusa tsumma a taga, mun rataya bargo, duk a banza. Mutum yana neman numfashi ke kuma kina gasa shi kamar kifi?"

"Ana gyarawa," ta ce, idonta a ƙasa.

"Da gwangwani? Na gani ai. Ki kashe wutar nan. In wani abu ya sami mahaifina, ke ma kin san daga inda ya fito."

Ya fita. Rasiti ta tsaya a gaban murhu. Ruwan fure ba ya jira. In aka bar shi ya huce bai kai ba, kafin la'asar ya yi tsami, kuma saboda shi Dasirun ya hau itatuwa masu santsi tun da sassafe. Ta kalli kumfar da ta fara ja. Tarin ya sake tasowa. Ta janye itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ta tsoma su a bokitin ruwa.

Madafar ta yi tsit. Ta zauna a kan kututture tana kasa kunne. Ba tari. Da farko ta ji sanyi a ranta, daga baya shirun ya fara ba ta tsoro. Ta matsa jikin bango.

"Rasiti." Muryar tsohon ta zo ta cikin bargo, siririya. "Kin mutu ne?"

"A'a, Mbah."

"To zo."

Ɗakin duhu ne da rana tsaka, ga warin ganye da man zafi. Tsohon yana jingine da matasai, ƙafafunsa a miƙe. Tafin ƙafarsa har yanzu a lanƙwashe yake, irin na masu hawa. Mbah Darkem tana gefe tana masa fifita, Kartam yana tsaye a bakin ƙofa. Daga ƙarƙashin gado tururi yana tashi. Rasiti ta durƙusa, ta kawar da ido daga wajen.

"Ban ji muciya ba," tsohon ya ce. "Wa ya ce ki kashe?"

"Ni ne, Pak," in ji Kartam, haka yake kiran mahaifinsa. "Hayaƙin..."

"Kai. Ka taɓa hawa kwakwa cikin ruwan sama?" Ya dakata ya nemi iska. "Gumin mijinta ka zubar."

Ya juyo ga Rasiti. "Ina jin mijinki a sama kamar biri. Bututun nan da ni aka gina shi. Da yana ja har ya yi gurnani. Me kika yi masa?"

"Ba komai, Mbah."

"Itace?"

"Busasshe ne."

"Toka?"

"Na kwashe."

Ƙirjinsa yana hawa da sauka. Rasiti ta ji idonta ya ci amanarta, ya gangara ƙarƙashin gado. Ta yi maza ta ɗauke, amma tsohon ya gani.

"Tsohuwa," ya ce, "abin nan da kike dafa ni a ciki kullum, na wa ne?"

"Nawa ne mana, na da. Na aro wajen..." Mbah Darkem ta tsaya. Maficin ya tsaya a hannunta. Ta juyo a hankali. "Na wane baki ne, 'yar nan?"

"Na uku."

"Na gindin bututu? Da me kika rufe?"

"Kwano."

"Innalillahi!" Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Ni da na tsufa a bakin murhu! Ke kuma bakinki ɗinke shi aka yi? Tun yaushe kika sani?"

Rasiti ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. "Kin ce shi yake riƙe da numfashinsa."

Tsohon ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Kartam ya ruga ya tallabe shi. Rasiti ta ga leɓunansa sun yi duhu, ta ce a ranta shi ke nan, a gabanta za a yi. Amma ya dawo. Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙarƙashin gado.

"Kartam. Ɗauka ka kai mata. Na dahu haka."

Kartam ya zubar da ruwan ganyen a bayan gida, ya ɗauko kaskon da tsumma. Bai kalli Rasiti ba, ita ma ba ta kalle shi ba. Ta ture dutsen da kwanon, ta kankare busasshiyar laka. Ya sauke kaskon, ya juya shi kaɗan, sai ya faɗa gurbinsa, ko allura ba za ta shiga ba.

Ruwan safe ya riga ya yi tsami. Da Dasirun ya kawo na rana, ya shinshina kasaken, ya kalle ta. Ta ce, "Zan gaya maka, Kang. Bari in hura tukuna."

Ta kunna ganye ta tura. Harshen wutar ya yi ɗan jim, sannan ya kwanta ya nufi ciki kamar an kira shi. Bututun ya fara gurnani. Dasirun ya fita da gudu ya ɗaga kai.

"Kin gani ko!" ya yi ihu. "Na ce miki tsawo ne!"

A ɗaya gefen bangon ta ji ana yaye bargo, ana zare tsummoki. Tagar ta yi ƙara ta buɗe.

"Na ji ƙamshi," muryar ta ce. "Kada ki bari ta ƙone. Juya."

Ta juya. Ta riƙa buga muciya a jikin kasko da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, don ya ji.

Kwana biyu tagar tana buɗe. Tarin ya ragu, amma ba don sauƙi ba, ƙarfin yinsa ne ya ƙare. Rasiti tana aiki rabin hankalinta yana bayan bango. A rana ta uku da hantsi, tana zuba mazarƙwaila a ƙoƙunan kwakwa, ta ji Kartam yana maimaita kalmar shahada a hankali. Ta ajiye ludayi. Can sai muryar Mbah Darkem, ba kuka ba, kiran sunansa kawai ta yi sau ɗaya. Ba a jima ba lasifikar masallaci ta faɗa wa unguwa.

A murhun Rasiti aka ɗumama ruwan wanka, a nan kuma mata suka dafa shinkafar masu zaman makoki. Ta yi ta aiki ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba. Bayan an dawo daga maƙabarta, Kartam ya zo ɗaukar tire, ya tsaya kamar zai yi magana, ya ce, "Sannu da aiki, Yu," ya tafi.

Da la'asar, madafa ta watse, Mbah Darkem ta shigo ita kaɗai. Ta zauna a kan kututture kusa da wuta.

Rasiti ta daɗe tana goge kaskon da ya riga ya fita. Sannan ta ce, "Mbah, hayaƙina ne?"

Tsohuwar ba ta ce a'a ba. Ta kalli wutar.

"Tun kafin a haife ki yake shaƙar nawa," ta ce. "Lokacin ko bututu ba mu da shi. Ya sauko daga itace ya zauna nan kusa da ni, ina korarsa ba ya tafiya. In za a raba laifi, layin da tsawo, kuma kina can baya." Ta ja majina. "Amma gaba, in abu ya dame ki, ki buɗe baki."

"To, Mbah."

Tsohuwar ta tsinci wani siririn ganyen kwakwa a ƙasa, ta riƙe shi a bakin murhu, yadda masu dafa mazarƙwaila suke gwada iska. Ganyen ya rusuna ya nufi ciki, yana rawa a tsakanin yatsunta. Ta bar shi a haka. Ta ramukan bango Rasiti tana hango tagar a buɗe, da gadon da aka naɗe wa tabarma.