Ɗari Uku Ba Uku

Tun tasowata ban taɓa jin Baba ya ce "sha takwas" ba. "Ashirin ba biyu" yake cewa, yadda ya ji a bakin kakarsa. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a firamare, kuma in lamba ta kusa cika sai ya haye sama tukuna ya sauko. Muna yi masa tsiya a gida, ya ce ai mu ne Hausarmu ta gantale. Wannan ɗabi'ar tasa ce ta kai mu kotu.

A zaɓen sanata hukumar zaɓe ta sa shi shugaban rumfar unguwarmu, don kowa ya san ko allura ba ta ɓata a hannunsa. Bayan ƙirga shi ke faɗin adadi da ƙarfi, wata malama da aka haɗa su ta rubuta lamba, shi kuma ya rubuta da kalmomi a layin ƙasa ya sa hannu. Da aka zo kan ƙuri'un ɗan takarar da muke kira Mai Murmushi, saboda hotunansa da suka cika bango, Baba ya ce, "Ɗari uku ba uku." Cikin hayaniyar wakilan jam'iyyu malamar ta ji "ɗari uku da uku", ta rubuta 303 maimakon 297. Baba ya rubuta nasa daidai, ya sa hannu bai dubi na sama ba. A wurin tattara sakamako lamba aka ɗauka, wa ke da lokacin karanta rubutun tsoho? Mai Murmushi ya kayar da Tsohon Sanata da ƙuri'a huɗu. In ka cire shidan nan da aka ƙara masa, shi ne a ƙasa da biyu.

Tsohon Sanata ya kai ƙara a sake ƙirga akwatin. Aka aiko wa Baba sammaci, ni kuma na riƙa rufe shagon ɗinkina ina raka shi, tunda ni ce babba kuma ni kaɗai ke kusa.

Na ɗauka shaida zai bayar ya dawo gida. Ashe shi ne naman da za a yanka. Lauyan Tsohon Sanata, wani dogo mai yawan gyaran murya, ya ce Baba ya ga 303 sarai ya kau da kai don an gama da shi. Lauyan Mai Murmushi, mai gilashi a ƙarshen hanci, ya ce a'a, "da" Baba ya rubuta da farko, daga baya aka saye shi ya juya harafin. Mutanen nan ba su yarda da juna a kan komai ba sai a kan cewa ubana ɓarawo ne.

Zama uku aka yi a kan harafi ɗaya. Aka haska takardar a bango, "b" ɗin Baba ya yi tsawon mutum. Har masanin rubutu aka kawo da madubinsa.

"Malam," in ji mai gilashi, "dubi harafin nan da kyau. Tumbinsa gaba ya kalla ko baya?"

Kotu ta fashe da dariya. Ni kuwa kunya da takaici suka sa na ji kamar in nutse cikin bencin.

Baba ya juya ga alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi sakaci ban dubi layin sama ba, wannan na amsa. Amma ban saci ko ɗaya ba. Akwatin yana nan, a buɗe. Kafin minti arba'in na ƙirga muku shi."

Alƙali ya ba da umarnin a sake ƙirgawa. Ranar har mun yi murna, wauta ta ɗebe mu. Mai gilashi ya ɗaukaka ƙara, aka tsayar da umarnin. Da aka dawo, sai dogon da kansa ya ce bai yarda ma'aikatan hukuma su ƙirga ba. Aka yi wata guda a kan wanda zai taɓa ƙuri'un. Sannan mai riƙe makullin ɗakin ajiya ya tafi hutu. Fankar kotun ma na haddace kukanta, sau uku take ƙara kafin ta zagayo.

Doka ta ba ƙarar wa'adin kwana ɗari da tamanin, Baba yana soke su ɗaya bayan ɗaya a kalandar falo. A unguwa kuwa samari sun laƙaba masa "Baba Ba-uku". Wani da ya koya wa jadawalin lissafi ya hango mu ya tsallaka titi. Ƙungiyar tsofaffin malamai, da shi ke ƙirga musu ƙuri'a duk shekara, bana wani suka kira. Baba dai abinci ya rage ci.

Ranar wata Juma'a ya sa farar rigarsa ya ce mini, "Yau kwana ɗari da tamanin ba ɗaya. Yau za a buɗe."

Aka shigo da akwatin kuwa, mutum biyu suna riƙe da shi, aka ɗora kan tebur. Daga inda nake ina hango sa hannun Baba a kan hatimin. Magatakarda ya ɗauko almakashi. Sai mai gilashi ya miƙe da wata takarda, wai ya shigar da sabon ƙorafi a kotun sama da safiyar nan. Alƙali ya karanta, ya murza goshi, ya ce dole ya saurari ɓangarorin biyu. Ya ɗage zama zuwa Litinin.

Ban san sanda na miƙe ba. "Ga shi nan a gabanku! Takarda ɗari uku ce fa ta gagare ku? Ku ba ni almakashin, ni tela ce!"

Ɗan sanda ya fitar da ni. Baba ya biyo ni yana cewa, "Haba Uwata, kotu ce." Wallahi sanyin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Litinin ba a yi minti biyar ba. Wa'adi ya ƙare tun Asabar, an kori ƙara. Lauyoyin biyu suka gaisa a baranda suna tambayar iyali. Mutum biyun da suka shigo da akwatin ran Juma'a suka ɗauke shi suka wuce da shi ta gabanmu, hatiminsa ko ƙwarzane babu. Baba ya bi shi da ido har suka sha kwana.

Bayan mako biyu jiri ya kwashe shi, na kai shi asibiti. Nas ta jawo kati ta tambayi shekarunsa. Ina jira in ji "saba'in ba biyu" in fassara mata kamar kullum. Sai ya jiƙa leɓe, ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Sittin da takwas."

Ta rubuta za ta wuce. Ya riƙe bakin katin da yatsa biyu.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Nuna mini abin da kika rubuta."