Ƙoƙon da Ba a Wankewa

Tun zamanin kakanninmu a tsibirin Nonouti, ƙa'idar mai tatsar kwakwa ɗaya ce: ya hau itacen da safe, ya hau da yamma, ya yanki bakin hudar da ke zama 'ya'yan kwakwa, ya rataya ƙoƙo ruwan ya ɗiga. In ya wanke ƙoƙon, ruwa mai zaƙi zai sauko da shi, abin shan yara da masu jego. In ya bar shi da tsamin jiya, giya ce za ta kwana a ciki. Baraniko, wani tsohon mai tatsa, ya shekara da shekaru bai wanke ko ɗaya ba.

Da idanunsa suka yi rawaya, ma'aikaciyar jinya ta danna masa ciki, ta ce hantarsa ta kumbura, ya daina shan giya. Baraniko mutum ne mai girman kai, bai yarda ya daina ba, ya dai yarda ya rage. Ya miƙa wa matarsa Temaua ƙoƙunansa ta wanke da yashi, ya riƙe guda, ya kai shi kan doguwar kwakwar da ta karkata bisa duwatsun bakin teku.

"Can na kai shi, don wahalar hawa ta hana ni," in ji shi.

Teikake, ƙanin Temaua, ya yi dariya. "Tsoho, kai da ka fi ɓera sanin hanyar sama? Ka dai kai shi inda yayata ba za ta leƙa ba."

"Yi mini shiru, ragon da bai taɓa wuce tsayin rufin ɗaki ba."

Da fari dabarar ta yi aiki. Sai Temaua ta soma shinshina duk ƙoƙon da ya sauko da shi, in ta ji tsami ya yi yawa ta tuntsurar da rabi a ƙasa. Baraniko bai yi gardama ba. Ya koma saukowa da ƙoƙon wayam, yana cewa itacen ya tsufa, ruwansa ya ja baya. Ya kuma soma daɗewa a sama.

Wata safiya ya hau hannuwansa na rawa, domin jikinsa bai saba da ƙarancin giyar ba. Ya zauna tsakanin rassa, ya ce maƙwarwa ɗaya zai yi, rawar ta tsaya. Rawar kuwa ta tsaya. Da ya ankara, ƙoƙon ya ƙare, rana ta ɗaga, teku ta janye ta bar duwatsu tsirara a ƙarƙashinsa. Ya zura ƙafa yana neman gurbin da ya sassara da hannunsa tun yana saurayi, ƙafar ta yi ta shafar itace ba ta samu ba. Ya rungume gangar jikin itacen, kumatunsa manne da ɓawo, ya ji duniya na juyawa a hankali.

"Maigida, kada ka motsa," muryar Temaua ce daga ƙasa, can nesa.

Teikake ne ya hau, yana huci, ya kama dunduniyar tsohon ya sa a gurbi, ya sake saukar da ɗayar, haka har suka taka yashi. Ƙirjin Baraniko duk ya goge, jini na tsattsafowa.

"Nauyi gare ka kamar buhun busasshiyar kwakwa," in ji Teikake, amma bai yi dariya ba.

Temaua ta shiga gida ta fito da gatari, ta miƙa wa ƙaninta. "Sare ta."

Teikake ya dubi gatarin, ya dubi mijin yayarsa. Ba a taɓa jin an sare wa mutum itacen tatsarsa yana raye ba. Ko lokacin da dattawa suka hana giya a zauren gari, hudar kawai suka yanke, suka bar itacen tsaye.

"Yaya, wannan ba hurumina ba ne. Sai in shi ya ce."

Suka jira. Baraniko ya goge jinin da tafin hannu, ya gyara zanensa.

"Mahaifina ne ya dasa ta," ya ce, ya wuce gida.

Da yamma ta yi, iska ta taso daga yamma, rassan doguwar kwakwar suka soma kaɗawa. Temaua tana fere kifi, ta ji mijinta a bayan ɗaki yana wasa wuƙar tatsa a kan dutse kamar yadda ya saba kafin ya hau, a natse, ba gaggawa.