Wayar Ɗaurin Auren Hope

Kwamfutar da ke kan teburin Habila ta zo ofishinsu na Gyadi-Gyadi ne a shekarun farko da sojoji suka koma bariki, lokacin da kowace ma'aikata ke son a ce ita ma ta waye. Ɗan kwangilar da ya kawo ta ya rantse sabuwa ce dal. Ba wanda ya yi masa musu, ko da yake duk mai ido ya ga shatin kofin shayin wani Bature a jikinta. 'Yar Beljiyam ce ta gaskiya. Daga can aka kwaso ta, kuma a ranta har gobe a can take zaune. An goge mata ƙura, an canja mata fulogi, amma wurin da ake gaya mata ƙasar da take ba wanda ya taɓa, don ba wanda ya san da shi.

Abin bai dami kowa ba, tunda kusan rabin shekara agogon Beljiyam da na Kano ɗaya ne. Sai wajen ƙarshen Maris, in mutanen can sun tura agogonsu gaba da awa guda, ita ma ta tura nata. Habila ya zo da safe, ya duba na hannunsa, ya ja tsaki, ya mayar da ita baya. In Oktoba ta zo ta ja baya da kanta, shi kuma ya tura ta gaba. Tsufa ne, in ji shi, kuma ba abin mamaki ba ne ga kayan gwamnati.

Habila mutumin Zonkwa ne, ya kusa shekara talatin a Kano yana aiki a sashen ajiye fayiloli. In akwai abin da aka san shi da shi, to kiyaye lokaci ne, har abin ya so ya zama ciwo. Ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya shi ke tsayawa a baranda yana jiran masinja ya zo ya buɗe ofis. A coci tare da mai shara suke shiga. 'Ya'yansa sun tashi da sanin cewa in Baba ya ce ƙarfe bakwai, wanda ya fito bakwai da minti biyu sai dai ya hango ƙurar babur.

'Yarsa ta fari, Hope, ta tafi Amurka karatun jinya, a birnin Houston. Can ta haɗu da Victor, ɗan Pankshin, ta aiko cewa aure za su yi, kuma a can. Habila ya hau dokin zuciya. Ba yaron ya ƙi ba, don bai ma san shi ba. Abin da ya ƙi shi ne a aurar masa da 'ya a inda ƙafarsa ba za ta iya zuwa ba. Da dangin Victor suka zo gaisuwa gidansa na Tarauni, sai da ya bar su zaune a falo har lemon da aka kawo musu ya huce. A waya kuma ya faɗa wa Hope maganar da ya daɗe yana nadamarta: in ta yi aure a can, kada ta nemi bakinsa.

Wata huɗu ba su yi magana ba. Matarsa Esther ce ta yi ta kai gwauro ta kai mari tsakaninsu har ya sauko. Ya sauko ɗin da gaske, amma irin saukowar dattijo, wadda ba a faɗar ta da baki. Abin da kawai ya ce wa Hope shi ne, "To, Allah ya sa albarka." Ita kuma ta kasa gane ko albarkar ce ko sallama.

Shi ya sa ta shirya abin da ta shirya. Ta roƙi fastonsu na can cewa in an zo wurin tambayar wanda ya ba da amarya, a kira mahaifinta a waya, a kara wayar a lasifika, kowa ya ji da bakinsa. Ta rubuto masa imel a ofis: ɗaurin aure ranar Asabar, biyu ga watan Yuni, ƙarfe goma na safe agogonsu. Sakatariyar cocin ta haɗo da wani ɗan fayil na kalanda, ta ce ya latsa kawai, manhajar imel ɗinsa za ta shigar da ranar, ta kuma juya masa lokacin zuwa na ƙasarsa.

Ya latsa. Fayil ɗin bai yi ƙarya ba, ya zo da lokacin daidai. Kwamfutar ma ta yi aikinta tsakani da Allah: ta juya shi zuwa agogon ƙasar da ta san tana ciki, inda a watan Yuni ake gaban Kano da awa guda. Ƙarfe goman Houston ƙarfe huɗu ne a Kano. Ita ta rubuta ƙarfe biyar na yamma.

Habila ba mutum ne mai yarda da abu sau ɗaya ba. Ya kira Malam Maje, abokin aikinsa na teburin gefe, ya nuna masa.

"Malam, duba mini nan. Goma na safe a wurinsu, biyar na yamma a wurinmu. Ya yi?"

Maje ya gyara tabarau. "Awa nawa ne tsakaninmu da su?"

"Bakwai. Ranar Kirsimeti da ta kira, muna cin abincin rana ƙarfe biyu, ta ce su bakwai na safe ce."

Maje ya ƙirga da yatsu. "Goma da bakwai, sha bakwai. Biyar ke nan. Kai da na'ura bakinku ɗaya, me kuma kake nema? Sai dai mu zo cin shinkafa."

Lissafin Kirsimeti daidai ne a Kirsimeti. Su ma mutanen Houston suna tura agogonsu gaba in zafi ya shigo, sai tazarar ta koma awa shida. Ba Habila ba Maje, ba wanda ya taɓa jin haka, kuma ba laifinsu ba ne, don a Kano rana ba ta taɓa neman a gyara mata agogo ba. Habila ya amsa imel ɗin da layi ɗaya: ya gani, zai kasance a shirye a kan lokaci. Bai rubuta ƙarfe nawa ba. Me zai sa ya rubuta abin da kowa ya sani?

Ana saura kwana uku taransifomar layinsu a Tarauni ta ƙone. Waya ɗaya ce a gidan, ta Habila, lambarta kaɗai Hope ke da ita, batirinta kuma ya gaji, in an cika shi da safe kafin la'asar ya fara kuka. Akwai masu cajin waya da janareta a bakin titi, amma Habila ya ji labarin suna musanya wa mutane batir, ba ya kai musu. Ranar Juma'a ya cika ta fal a ofis, ya kashe, ya naɗe a hankici ya sa a aljihun gaba.

Ranar Asabar gidan ya cika tun azahar. Dattawan coci sun zo, fasto ya zo, matan zumunta sun zo cikin ankonsu, kawun Victor ya taso daga Pankshin da sassafe, wannan karon aka ba shi kujera mai hannu da lemo mai sanyi. Malam Maje ya zo da babbar riga kamar shi ne uban amarya. Esther ta dafa shinkafa da gwate, tana shiga tana fita, ɗankwalinta na zamewa.

Wajen ƙarfe uku da rabi ta same shi a ɗaki yana ɗaura agogo.

"Baban Hope, ka kunna wayar nan mana. Ko za ta so jin muryata kafin su shiga."

"In kunna ta mutu a tsakiyar magana? Ki bari. Biyar saura kwata zan kunna."

"Ni dai hankalina bai kwanta ba."

"Maman Hope, yaushe na taɓa makara?"

Sai ta juya ta koma wurin tukunya.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, lokacin da wani dattijo a cocin Houston ke danna lambarsa karo na farko, Habila na tsakar gida yana gardama da kawun Victor kan inda za a ajiye tebur. Kawun ya ce ƙarƙashin darbejiya, saboda inuwa. Habila ya ce kusa da tankin ruwa, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Aka kai teburin kusa da tanki, aka shimfiɗa masa farin ƙyalle, aka jera benci a kewaye. Ya ja shugabar matan zumunta gefe ya yi mata bayani: kada kowa ya yi motsi har sai ta ji ya ce 'yata a wayar, alamar ya ba da amarya ke nan, daga nan su rangaɗa guɗa yadda za a ji su har Amurka. Ransa fari tas. Rabon da ya ji irin wannan daɗin tun ranar da aka haifi yarinyar.

Biyar saura kwata ya kwance hankicin ya kunna waya. Batir cike, sabis cike. Ya ajiye ta a tsakiyar farin ƙyallen, fasto ya yi gajeriyar addu'a, kowa ya zuba mata ido.

Biyar ta yi, ta gota. Wani ya ce ai amare ba sa fitowa da wuri ko a ƙasar Turawa, aka yi 'yar dariya. Habila bai yi ba. Ya duba agogon hannunsa, ya duba wayar, ya ɗaga ta sama ya sake ajiyewa. Esther ta fito ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Da wayar ta yi ƙara, har fasto sai da ya zabura. Habila ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya kara ta a kunne. Ya zaci zai ji muryar Bature da amon coci. Sai ya ji ƙarar mota, da muryar 'yarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba."

"Hope? Ina faston? Ga mu nan duk mun taru."

"An gama, Baba. Mun fito."

Bai gane ba. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Sau nawa aka kira, wayarka a kashe. Fasto ya tsayar da komai, aka yi waƙa, aka sake kira, aka ƙara wata waƙar. Ina tsaye a gaban mutane. Daga ƙarshe wani dattijon coci ne ya tashi ya ce shi ya ba da ni. Ko sunana bai iya faɗa daidai ba."

"Ƙarfe biyar aka ce," in ji Habila, muryarsa ta yi ƙasa yadda na kusa da shi ma ba su ji ba. "Kwamfuta ta rubuta biyar. Na lissafa, Malam Maje ma ya lissafa."

Ta amsa masa a natse. Da kuka ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, da wani ne sai in yarda. Kai fa? Tun da nake ban taɓa ganin ka makara ko wurin aski ba. Ka ce kada in nemi bakinka, ni ce ban ji ba. Da ka gaya mini tun farko, da ban sa an tsayar da coci ana jiranka ba."

"Hope, ki saurare ni," ya ce da ƙarfi. "'Yata, ki saurare ni!"

Shugabar matan zumunta ta ga bakinsa ya motsa, ta ji ya ce 'yata. Abin da aka ce ta jira ke nan. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka, dattawa suka miƙe suna tafi, kawun Victor ya rungume Malam Maje. Tsakar gidan ta ɗauki sowa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. A cikin hayaniyar Habila bai ji abin da Hope ta faɗa na ƙarshe ba, bai kuma san lokacin da ta ajiye ba. Da ya ankara, babu kowa a layin.

Esther kaɗai ba ta yi guɗa ba, don ita fuskarsa take kallo. Matan sun shiga waƙar amarya, suna juyi da zannuwansu a gaban tebur. Habila ya ga sun yi nisa, baitin kuma da saura. Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne, yana gyaɗa kai kamar ana yi masa magana, har su gama.