Kalar Fuskar Babana

Shekara shida ina aiki a shagon zane da buga takardu na Alhaji Na'Allah, bakin titin Sakkwato a Tambuwal, kafin Mu'awiya ya zo. Katin biki, allon makaranta, fastar 'yan takara, duk ni ne. Sai ga wannan bawan Allah daga Sanyinna, ba difloma ba komai, wai a wurin wani kawunsa ya koya. Cikin wata uku mutane suka fara leƙowa suna cewa, "Mu'awiya na nan?" alhali ina zaune suna kallona.

Kala ce ta ɗaga shi. Duk mai wannan sana'a ya san ciwon: ka zaɓi ja mai kyau a allon kwamfuta, inji ya fito maka da ruwan ƙasa, shuɗi kuma ya dawo kamar rigar da ta sha wanki. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Ni nakan ce wa mai kaya laifin inji ne, galibi kuma a yarda. Shi kuwa sai ya buga 'yan ƙananan gwaji a jere, ya jira su bushe, ya fita da su inuwar darbejiya yana ƙanƙance ido kamar mai duba ƙwan zabi. In ya dawo ya taɓa lambar kala biyu uku a kwamfuta, shi ke nan, aiki ya fito. Ina jin haushinsa, ban kuma ɓoye wa kaina ba. Ko gaishe ni ya yi da ladabi sai in ji kamar da biyu ya yi.

Babana, Malam Abdu, ya rasu bara waccan. Mutum ne da ba ya son tsayawa gaban kyamara, don haka hotonsa ɗaya tak muke da shi, na jikin katin ƙungiyar manoman shinkafa, wanda zufa da rana suka cinye har fuskar ta koma ruwan toka. Inna, mahaifiyata, tana gida a Kebbe. Ita ta ce in ƙara masa girma, in maido masa da kalarsa, a sa a firem. A rayuwata ba ta taɓa roƙona wani abu na sana'ata ba sai wannan.

Na zauna na gyara shi a allo har na ji ƙwalla, don ga Baba nan yana kallona. Da na buga sai ya fito jajir. Inna ta duba ta ce, "Malam bai taɓa yin ja hakanga ba ko da masassara." Na koma na ƙara haske, yadda nake wa amare da 'yan takara suna murna. Ta juya firem ɗin sama da ƙasa, ta ce, "Wanga kau wane Balarabe na?" Na uku ya fito da duhu. Wannan karon sai ta jingine shi yana kallon bango, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Ƙanwata Mu'minatu ta raka ni bakin ƙofa. "Yaya, ka ba Mu'awiya shi gwada mana. An ce shina da ido."

"Ni makaho na ke nan?" na ce. "Ubana na ko ubanai?"

Ashe tun a ranar ta ɗauki katin a waya ta tura masa. Ranar Asabar ina share teburina sai ga shi tsaye da ambulan a hannu, yana sosa ƙeya.

"Yaya Siddiƙu, Kebbe za ni. Mu'minatu ta aiko man hoton Baba. Na so in gaya maka tuni, ban ga fuska ba."

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Amma ba zan bari ya shiga gidanmu ba na nan ba, don haka na hau bayan babur ɗinsa. A hanya da ya faɗa wani rami na ce ya riƙa kallon gabansa.

Mun tarar da Inna a ƙarƙashin rumfa tana tsince shinkafa. Mu'awiya ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe ambulan. Ba hoto ɗaya ya kawo ba. Takarda ce mai ƙananan fuskokin Baba goma sha biyu, kowace da lamba a ƙasanta, kowace ta ɗan bambanta da 'yar uwarta.

"Inna, ni ban san shi ba," ya ce. "Ke za ki nuna."

Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo mini. "Kai, fara nunawa."

Na duba. Goma sha biyu, duk babana, kuma wallahi ban san wanne ne shi ba. Na zaɓi ta uku, don ita ce ta fi kama da abin da na saba gani a allona.

Inna ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kan ta takwas. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta taɓa ni a gaban baƙo. Ta kamo hannuna ta shimfiɗa bayansa a gefen hoton. Fatar hannuna da fuskar ta takwas ba su da maraba.

"Ga shi nan jikinka," ta ce, "kana ta bidar shi cikin kwamfuta."

Ta juya ga Mu'awiya. "Kai kau ƙaƙa kay yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu'minatu tac ce man Yaya da Baba kamar an tsaga kara. Shi na sa niy yi ta gwada takarda da hannun Yaya in shina riƙe da linzamin kwamfuta. Ta takwas ɗin ita na fara yi, sauran don ki tabbata na."

"Mu'awiya," in ji Inna, "Allah shi yi maka albarka. Mu'awiya, Allah shi jiƙan mahaifa."

Sau biyu ta faɗi sunan, na ƙirga. Ta tashi ta shiga ɗaki da takardar a ƙirjinta, muna jiyo kukanta a hankali. Ya kamata in yi masa godiya, na sani, kalmar ma ta zo har bakina. Amma sati guda mutumin nan ya yi yana ganin babana a jikina, ni da ke ɗauke da shi ban gani ba. Na ja hannun rigata na rufe fatar, na ce masa ya tashi mu tafi kafin rana ta faɗi.